Kafin Sabuwar Bindiga, a Fara Sayen Ido

Duk wanda ke zama cikin mafarautan ƙasar nan tamu, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, ya san hirar da ake yi da zarar an kwashe amfanin gona, ciyawa ta soma bushewa. Kukan ɗaya ne, wai nama ya yi wuya. Maganin ma ɗaya ne a bakin yaro da babba: a samo bindiga mai cin nisa, a ƙaro karnuka, a sayo fitilar goshi mai caji irin wadda haskenta ke kashe ido. Har mutanen birni da ba su taɓa kwanan daji ba sun ɗauki wannan karatu. In ana maganar taimaka wa mafarauta don su tsare dazuzzuka, abin da za ka ji shi ne a ba su makamai da babura.

Ni ban yarda ba. Abin da ya ƙaranta a jakar maharbin kudancin Kano shi ne gani, kuma in kuɗinsa na abu ɗaya ne tak, madubin hangen nesa ya kamata ya saya, ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar adakarsa. Na san wannan magana za ta ba wasu dariya, wasu kuma ta ba su haushi. To, a yi haƙuri a ji dalili.

Bindigar toka, komai gwanintar maƙerin da ya ƙera ta, ba ta da tabbas in an wuce taku 40 zuwa 50. Mai harsashin ƙwarya-ƙwarya ta kanti ma ba ta fi ta da wani abin kirki ba. Ke nan aikin maharbi duka shi ne ya kai kansa cikin wannan taku 50 ba tare da dabba ta ji shi ko ta shaƙi warinsa ba. Wannan aiki kuwa tun daga taku 400 ko 500 yake farawa, lokacin da kai ka gan ta, ita ba ta gan ka ba, ka duba inda iska ke kaɗawa, ka zaɓi kwarin da za ka bi, ka san ko ita kaɗai ce ko akwai wata a gefe da za ta tona maka asiri. Wanda ya rasa wannan matakin, abin da zai gani kullum shi ne ƙura da wutsiya. Sai ya saki harbi a guje, ya dawo gida yana cewa ai harbi a wutsiya ya fi kuskure. A fagen magana karin nan daidai ne, amma a dawa ɓarna ce tsagwaronta. Gadar da aka fasa wa cinya ta tsere, ba kai ka ci ba, ba ta rayu ba, dila da ungulu aka yi wa hidima.

Sai fitilar goshi, wadda a ganina ita ce babbar musibar da ta faɗa wa farauta a zamanin nan. Mai fitila ba dabba yake gani ba, ƙwayar ido biyu yake gani suna ƙyalli a cikin duhu. Bai san namiji ba ne ko mace, bai san mai ciki ba ce ko mai shayarwa, bai ma san ko akuyar Fulani ce da ta yi ɓatan kai ba. Kuma kowa ya sha jin labarin da ke biyo baya wani lokaci: an harbi mutum a daji, maharbi ya rantse da Allah gada ya gani, jama'a su ce ai rikiɗa aka yi. Mun taso da labaran ɓaunar da ke zama budurwa, kuma suna da daɗin ji a dandali. Amma ranar da aka ɗauko gawar mai saran itace a kan amalanke, bai kamata wani ya fake da tatsuniya ba. Mutum ya harbi abin da bai tantance ba ne, shi ke nan. Dajin yau ba na maharbi kaɗai ba ne. Akwai makiyaya, musamman tun da gwamnatin Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya a Kiru don tsugunar da su, akwai masu gawayi, akwai mata masu tsintar kaɗanya, akwai masu neman zuma, akwai yaran da aka aika kiwo. Wanda zai ɗaga bindiga a irin wannan wuri, wajibi ne ya san abin da ke gabansa.

Malamanmu ma ba su bar wannan a banza ba. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin zaure ya bi ta kanta, an karhanta farautar wasa, an halatta ta buƙata. Malaman Malikiyya kuma sun ɗaure halaccin nama da niyyar maharbi da abin da ya zata lokacin harbi, har suka ce wanda ya harbi abu yana zaton haramtacce ne, sai ga shi barewa, to ba a ci. In shari'a ta damu da abin da ke zuciyar maharbi lokacin da ya ja kunama, yaya matsayin wanda bai zaci komai ba, ƙyalli kawai ya gani ya saki wuta?

Za a ce mini, Malam, iyayenmu da kakanninmu ba su san wani madubi ba, amma sun kashe ɓauna da kwari da baka. Gaskiya ne, Allah ya jiƙansu. Sai dai su sun yi farauta a dajin da nama ke neman mutum. Dajin da muke kira Falgore an killace shi tun 1949 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a 1969, faɗinsa ya kai kimanin hekta 92,000, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tsofaffin yankin har gobe suna ba da labarin gwanki da kanki da ɓauna da suke gani a bakin kogi. Yau matafiyin da ya bi hanyar Jos ta tsakiyar dajin, in ya yi sa'a birai zai gani a gefen titi. Cikin gandun kuwa doka ta hana farauta, kuma ni ba na cikin masu cewa a karya ta. Abin da ya rage wa maharbi na halal shi ne sauruka da bakin fadamu da gindin duwatsu, inda ɗan abin da ya saura ya koyi wayo. A irin wannan hali, kowace mace mai ciki da aka kashe, an kashe farautar baɗi ne. Maharbi na gari a yau shi ne wanda zai iya duban mazo daga nesa ya ce wannan namiji ne, ga ƙaho, wancan kuwa mace ce, a bar ta. Ido tsirara ba ya yin wannan a taku 300, komai kaifinsa.

Masu cewa madubi kayan Turawa ne kuwa, ban san abin da za su ce game da bindigar da ke kafaɗarsu da fitilar Sin da ke goshinsu ba. In ma asali ake bi, wanda ya kafa ilimin gani da haske a kan gwaji Musulmi ne, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ƙarnuka kafin wani mai yin tabarau a ƙasar Holan ya nemi a yi masa rajistar madubin hangen nesa a 1608.

To, a ce an yarda za a saya. Nan ne kuma wannan ciwo na son ƙarfi yake sake ɓullowa ta wata kafa. Matasan da ke kallon bidiyon farautar Amurka a waya sun ga maharba zaune a kan tsauni, sun kafa wani dogon madubi mai ido ɗaya a kan ƙafa uku, suna leƙen dabba daga wani dutsen zuwa wani. Sai kowa ya ƙudurta cewa wannan shi ne madubi, sauran duk wasan yara ne. In ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ya duba masu talla a intanet, tambayarsa ta farko ita ce sau nawa yake jawowa, kuma wanda lambarsa ta fi girma shi zai ɗauka.

Ba a tambayi dalilin da ya sa Ba'amurken ke ɗaukar wannan kaya ba. A jihar Alaska, alal misali, a mafi yawan wurare doka ba ta yarda a harbi ragon dutse ba sai ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, ko duka biyun sun karye a baki, ko kuma ya kai shekara 8, wanda ake ganewa ta ƙirga zoben da ke jikin ƙahon. Wanda ya kuskure, a ƙwace naman, a ci shi tara. Mutumin nan yana kan tsaunin da babu bishiya, iska garau mai sanyi, ragon yana nisan kilomita ɗaya ko biyu, kuma zuwa wurinsa hawan yini guda ne. Dole ya ƙirga zoben ƙaho daga inda yake kafin ya ɓata ƙarfinsa. Don wannan aiki aka yi dogon madubi, kuma a nan ba shi da na biyu.

Mu fa? Dajinmu na doka ne da maje da marke da taura, ga gamba ta fi mutum tsayi kafin a ƙone ta. Wuraren da ido zai miƙe ya wuce taku 300 ba su da yawa. Lokacin farautarmu kuma shi ne lokacin hazo, ranar da in buji ya sauka ba ka ganin dutsen da ke bayan gari. Hazo ya tafi, zafin bazara ya zo, ƙasa ta dinga tashin kawalwalniya tun hantsi. Madubi ba ya zaɓen abin da zai girmama. In ya jawo dabba sau 60, ya jawo ƙura da rawar iska sau 60, sai ka ga abu yana narkewa yana motsi, ba ka ce ga kai ga gindi ba.

Bari in ɗan tsaya a kan lambobin nan, don su ne ake yaudarar mutane da su. In ka ga an rubuta 8x42, ta farko tana nufin abin da ke mita 400 zai bayyana kamar yana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, kuma shi ne ƙofar da haske ke shiga. Raba ta biyu da ta farko, sai ka sami kaurin hasken da ke isowa idonka: a nan milimita 5 da ɗan ɗoriya. Ƙwayar idon mutum a duhu tana buɗewa zuwa wajen milimita 7 ga matashi, ta ragu zuwa wajen 5 ga dattijo. Ke nan 8x42 yana cika idon da haske a daidai lokacin da nama ke fitowa, wato sanyin asuba da gab da magariba. Dogon madubi mai gilashin milimita 80, in ka murɗa shi zuwa 60, abin da zai ba ka bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Da rana tsaka ba laifi. Da duku-duku kuwa, sai ka ga kamar an rufa maka baƙin ƙyalle.

Akwai kuma faɗin abin da ake gani. Madubi mai ido biyu na 8x42 yana nuna maka fili mai faɗin kimanin mita 130 a nisan kilomita ɗaya. Dogon a kan 60 bai wuce mita 20 ba. Mai da wannan zuwa mita 200, inda mu muke aiki: na farko zai nuna maka bakin fadama mai faɗin mita 26, na biyu bai wuce mita 4 ba. Kafin ka lalubo kurmin da ka ga motsi, gadar ta sha ruwa ta yi gaba. Sannan hannun ɗan Adam yana rawa. Sama da sau 10 ko 12, ba mai iya riƙe madubi ya tsaya cik, sai da ƙafa uku. Babban madubi da ƙafarsa sun kai kilo 3 zuwa 4, alhali 8x42 bai cika wuce giram 700 ba. Kilo ɗaya lita ɗaya ce ta ruwa. Wanda ya taɓa yini a dawa a watan Maris ya san abin da ake nufi da a bar lita uku a gida don a ɗauki ƙarfe. Abin da zai faru a ƙarshe sananne ne: fita ta farko da ta biyu za a ɗauke shi, ta uku a rataye shi a ɗaki, ya zama abin nuna wa baƙi.

Saboda haka in abu ɗaya za a saya, a sayi mai ido biyu, 8x42, wanda zai kwana a ƙirji, a ɗaga shi da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido. Mai ƙuruciya da hannu tsayayye, in yana yawan bin fili, ya iya ɗaukar 10x42. Bai kamata a wuce nan ba.

Ban ce dogon ba shi da wuri a ƙasarmu ko kaɗan ba. Bakin madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, kuma mai son ƙirga dinya da kirinjijiya a tsallake zai ji daɗinsa. Haka duwatsun Riruwai, inda mutum zai hau ya hangi kwari da kwari, musamman bayan ruwan farko ya wanke sama. Ƙungiyar mafarautan da ke aikin tsaro tana da wurin zama a kan dutse, ita ma tana iya mallakar guda ɗaya na kowa da kowa. In za ta saya, kada ta bi girma. Mai gilashin milimita 60 zuwa 65, mai jawowa daga 15 zuwa 45, ya isa, kuma mafi yawan lokaci a kan 20 ko 25 za a bar shi. A zaɓi mai lanƙwasasshen wuya, don dogo da gajere su leƙa ba sai an ta da ƙafar ba, kuma ba ya gajiyar da wuya. Kada a kashe kuɗi duka a kan madubin a sayo masa ƙafar roba mai rawa, domin madubi mai tsada a kan ƙafar banza bai fi na banza ba. Amma wannan saye na biyu ne, bayan an mallaki na ƙirji.

Batun kuɗi, na san shi ne inda za a tare ni. Irin su Swarovski na Ostiriya da Zeiss da Leica na Jamus, dogayensu na kai wa dala dubu uku zuwa sama, kuma ba da mu ake wannan ba. Amma kamfanoni irin su Nikon da Vortex da Celestron suna da 8x42 na kirki tsakanin dala 100 da 300. Ba ƙaramin kuɗi ba ne a canjin yau, ban musa ba. Sai dai mutanen da ke iya haɗa kuɗin motar da za ta kwashe su da karnukansu zuwa wata jiha, suna iya yin adashin wannan. Ba ya cin tsaki, ba ya cin albarushi, ba ya neman caji, kuma in an kula da shi ɗa zai gada.

Abin gudu shi ne na tebur, ɗan ƙarami mai jan gilashi kamar wuta, an rubuta masa 30x60 ko 60x60, wani har da cewa yana gani da dare. Ɗauki abin awo ka auna gilashin gabansa, za ka tarar ko rabin abin da aka rubuta bai kai ba. Jan fentin nan ado ne, yana ma rage haske, ya mai da komai kore-kore. Ka guji kuma mai ido biyu da ake murɗawa ya ƙara jawowa, don yawancinsu ba sa daɗewa idanun biyu suke saɓawa. Gwajin ba wuya. Riƙe shi nesa da fuska, ka fuskanci sama, ka dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido: in zagayayye ne tas, madalla, in yana da kusurwa kamar an yanke gefensa, an yi ha'inci a ciki. Sannan ka kalli wayar lantarki ko bakin rufin kwano na minti biyu. In layin ya rabu biyu, ko ka ji idonka na ja, ajiye shi, ciwon kai za ka saya. Ka je gwaji da yamma liƙis, ba da rana tsaka ba, don da rana kowane madubi gwani ne. Ka tabbata an rubuta ba ya shan ruwa, saboda wanda ruwa ba ya shiga, ƙurar hunturu ma ba ta shiga. In ya yi ƙura, a hure tukuna kafin a goge, kuma ba da bakin riga ba.

Saura masu mulki. A 2017 sojoji suka mai da Falgore filin atisaye saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa 10 da ta amince da su. A 2025 kuma aka amince da ɗaukar dakarun tsaron daji. Duk waɗannan ayyuka suna buƙatar mutanen da suka san kowane kwazazzabo, kuma ba wanda ya san su kamar maharbi. An ga abin da mafarautan Adamawa suka yi tare da sojoji a yankin Mubi a 2014. Amma maharbi da adaka ba zai yi musayar wuta da mai AK-47 ya kwashe lafiya ba, ko an ƙara masa wata bindigar. Amfaninsa shi ne ya hango hayaƙin sansani ko ƙurar babura tun daga nesa, ya ƙirga su, ya koma ya kai labari da ransa. Shugaban ƙaramar hukumar da ke son a ce ya taimaki mafarauta, kuɗin babur ɗaya da yake rabawa a gaban kyamara zai sayi madubai da dama.

Akwai ma wata ƙofar abinci da ba a kula da ita ba. Masana tsuntsaye na duniya sun lissafa Falgore tare da Lame Burra ta Bauchi cikin muhimman matsugunan tsuntsaye, kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos da ke tura ɗalibai dazuzzuka. Irin waɗannan baƙi jagora suke nema, wanda ya san kukan kowane tsuntsu da inda yake kwana. Maharbin da ya iya riƙe madubi ya riga ya yi rabin hanya.

Hujja ɗaya ce daga cikin na masu suka nake ɗauka da nauyi, ita ce ta zargi. Mutum da madubi a kusa da filin sojoji, ko a bakin ƙauyen da ba a san shi ba, ana iya cewa ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Bayan abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano suna hanyar dawowa gida yin sallah, da yawansu mutanen Torankawa ta Bunkure maƙwabciyarmu, ba wanda zai raina wannan tsoro. Allah ya jiƙansu da rahama. Dokar makamai ta 1959 lasisin bindiga ta nema, ba ta ce komai a kan madubi ba, amma jahilci ba ya karanta doka. Don haka nake roƙon sarakunan baka na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ranku ya daɗe, ku sa wannan a hannunku. Duk madubin da ɗan ƙungiya ya saya, a rubuta lambarsa da sunan mai shi a littafin ƙungiya, a sanar da dagaci da ofishin 'yan sanda na yanki, a ɗinka sunan ƙungiya a jikin igiyarsa, kuma a gargaɗi yara kada wanda ya ɗaga shi ta wajen sansanin soja.